Daga ragar Iran zuwa bencin Dhaka: me ya faru da Nasser Hejazi?

Duk ranar 23 ga Mayu, magoya bayan ƙungiyar Esteghlal ta Tehran sukan tuna da wani dogon mutum mai furfura, wanda aka fi sani cikin kwat da nekatai. Shi ne Nasser Hejazi, wato Nasiru a bakinmu, tsohon mai tsaron ragar Iran da ya rasu a 2011. Wanda ya leƙa tarihinsa daga nesa zai ci karo da abubuwan da ba su zauna wuri ɗaya ba. Ga gola da ya tsare wa ƙasarsa raga a gasar cin kofin duniya ta 1978, har Manchester United ta kira shi gwaji, amma sai ga shi ya kammala wasa a Bangladesh. Ga koci da ya kai Esteghlal wasan ƙarshe na nahiyar Asiya, amma ya shafe yawancin shekarun horarwarsa yana yawo tsakanin matsakaitan ƙungiyoyi. Ga kuma ɗan ƙwallo da ya nemi kujerar shugaban ƙasa.

Wasu suna ba da labarinsa a matsayin gwarzon da aka zalunta tun daga farko har ƙarshe. Wasu kuma suna cewa gola ne na gani na faɗa wanda bai iya koci ba, sai aka lulluɓe gazawarsa da mayafin siyasa. Kowanne ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Kafin a auna su, dole a san wace irin ƙwallo ake bugawa a Iran, da kuma wanda ke riƙe da akalarta.

Sunayen da ke rikita mai karatu

Abu na farko shi ne ƙungiyoyi da filaye sun sauya suna bayan juyin juya halin 1979. Ƙungiyar da Hejazi ya shiga a 1969 sunanta Taj, ma'ana kambun sarauta. Da aka kawar da Sarki Muhammad Reza Pahlavi, sai aka mayar da ita Esteghlal, wato 'yancin kai. Ƙungiya ɗaya ce, rigarta shuɗiya. Babbar kishiyarta ita ce Persepolis mai jar riga, wadda hukuma ta taɓa raɗa wa suna Piroozi, amma magoya bayanta suka ƙi sakin tsohon sunan har ya dawo. Babban filin wasa na Tehran a da Aryamehr ake kiransa, yanzu Azadi. Saboda haka wanda ya ga an ce Hejazi ya buga wa Taj kuma ya buga wa Esteghlal, kada ya ɗauka sauya sheƙa ya yi.

Na biyu shi ne gasar lig. A shekarun 1970 Iran tana da gasar ƙasa mai tsari da ake kira Takht Jamshid, wadda ta tsaya cak a 1978. Daga nan aka koma gasannin larduna, musamman ta Tehran, har kusan shekara goma. Sai a 1991 aka kafa gasar Azadegan, a 2001 kuma aka buɗe gasar ƙwararru da ake yi a yanzu.

Na uku, wanda ya fi komai tasiri a labarin, shi ne mallaka. Bayan juyin juya hali, Esteghlal da Persepolis sun koma hannun gwamnati, ƙarƙashin hukumar wasanni ta ƙasa wadda daga baya ta zama ma'aikata. Sauran manyan ƙungiyoyi kuma na masana'antu ne ko bankuna masu alaƙa da gwamnati: Sepahan da Zob Ahan na kamfanonin ƙarafa ne a Isfahan, Saipa da Paykan na kamfanonin ƙera motoci. Mai bin Kano Pillars ko Katsina United ya san irin wannan tsari, inda wanda ke naɗa shugaban ƙungiya yake zaune a ofishin gwamnati, kuma sauyin da aka yi a can yakan iso har benci.

Shekarun raga

An haifi Hejazi a Tehran a Disambar 1949. Ya fara da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Nader, kafin ya koma Taj yana ɗan shekara 19. Cikin shekara guda ya ɗaga kofin zakarun ƙungiyoyin Asiya: a 1970 Taj ta doke Hapoel Tel Aviv da ci 2-1 a wasan ƙarshe a Tehran, ƙarƙashin kocin Yugoslabiya Zdravko Rajkov. A wancan lokacin Isra'ila tana cikin hukumar ƙwallon Asiya. Ya kuma ci lig sau biyu da Taj.

Zamaninsa ya zo daidai da lokacin da Iran ta fi kowa ƙarfi a nahiyar. Ta ci kofin Asiya sau uku a jere, 1968 da 1972 da 1976, kuma tun daga nan ba ta sake ci ba. Hejazi yana cikin tawagar 1972 da ta doke Koriya ta Kudu 2-1 a Bangkok, da ta 1976 da ta doke Kuwait 1-0 a Tehran, da wadda ta ci zinare a wasannin Asiya na 1974. Ya je Olamfik na Munich a 1972 da na Montreal a 1976. Jimillar wasanninsa a tawagar ƙasa 62.

Akwai abin da masu yabo kan tsallake. Ragar ba tasa ba ce shi kaɗai. Mansour Rashidi, abokin wasansa a Taj, ya yi ta ja da shi a kan lamba ɗaya a kulob da kuma tawagar ƙasa, kuma Rashidi ya taka babbar rawa a kofin 1976. Damisa biyu ba sa zama a kogo ɗaya, don haka a 1977 Hejazi ya koma ƙungiyar Shahbaz.

A Ajantina ne duniya ta gan shi. Gasar 1978 ƙasashe 16 kacal ke bugawa, kuma Asiya da yankin Ostireliya kujera ɗaya suke rabawa, kamar yadda Tunisiya kaɗai ta wakilci Afirka. Iran, ƙarƙashin Heshmat Mohajerani, ta sha kashi 3-0 a hannun Holan, ta yi kunnen doki 1-1 da Scotland, sannan Peru ta ci ta 4-1. A takarda, gola ya sha ƙwallo takwas a wasa uku. Amma in aka warware su, huɗu daga ciki fenareti ne: biyu na Rob Rensenbrink, biyu na Teófilo Cubillas. Ɗaya kuma cin gida ne. Uku kaɗai aka ci shi da wasa yana gudana.

Cin gidan nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda aikin gola yake. A Córdoba, ranar 7 ga Yuni, ana gab da tafiya hutun rabin lokaci, aka turo ƙwallo wajen Joe Jordan. Hejazi ya fito, ɗan wasan bayansa Andranik Eskandarian ma ya taho a guje, suka yi kiciɓis, ƙwallo ta tashi daga ƙafar Eskandarian ta faɗa raga. Babu ɗan Scotland da ya buga ta. Bayan an dawo, Iraj Danaeifard ya kutsa ta gefen hagu ya zura wa Alan Rough ta kusa da turke. Makin nan ɗaya shi ne na farko da Iran ta taɓa samu a gasar duniya, kuma yana cikin abin da ya hana Scotland ta su Kenny Dalglish tsallakewa.

Manchester, juyin juya hali da dokar shekara 27

Bayan gasar, Manchester United ta Dave Sexton tana neman wanda zai gaji Alex Stepney da ƙarfinsa ya fara ja baya. Aka gayyaci Hejazi, ya yi atisaye da su na tsawon makonni, har ya buga wa ƙungiyar ta biyu. Abin da ya rage shi ne takardar izinin sauya sheƙa, wadda hukumar ƙwallon ƙasar da ɗan wasa ya baro ke bayarwa. In babu ita, ba a yi wa ɗan wasa rajista a wata ƙasa.

A daidai lokacin Tehran ta ɗauki zafi. Zanga-zanga da yajin aiki sun tsayar da ofisoshi, gasar lig ta watse. Sarki ya bar ƙasar ranar 16 ga Janairun 1979, Ayatullahi Khumaini ya sauka ranar 1 ga Fabrairu. Takarda ba ta fito ba. United kuwa ba ta jira kowa ba: tun Nuwambar 1978 ta sa matashi Gary Bailey a raga, shi ya riƙe ta shekaru. Ko Hejazi zai iya ƙwace wurin, wannan tambaya ce da babu filin da aka amsa ta. Gayyatar gwaji ba kwantiragi ba ce, kuma masu cewa "da ya zama golan United" suna sayar da fatar kura tun tana daji. Abin da ya tabbata shi ne ba hannunsa ne ya rufe ƙofar ba.

Gasarsa ta ƙarshe ita ce kofin Asiya na 1980 a Kuwait. Ana tsakiyar gasar, ranar 22 ga Satumba, Iraki ta afka wa Iran. 'Yan wasa suna sansani suna jin labarin ana ruwan bama-bamai a garuruwansu. Kuwait ta fitar da su 2-1 a wasan kusa da na ƙarshe, suka tashi da matsayi na uku.

Bayan nan ne hukumar wasanni ta fito da ƙa'idar da Iraniyawa ke kira dokar 'yan shekara 27: duk wanda ya haura wannan shekaru ba zai sake wakiltar ƙasa ba. Hejazi yana da kimanin shekara 30.

Hujjar masu dokar ita ce a buɗe wa matasa hanya, a gina sabuwar tawaga da ta dace da sabon zamani. Ba hujja ce marar kai gaba ɗaya ba. Tawagar 1978 ta fara tsufa, wasu 'yan wasanta sun riga sun fice, kuma ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta da wata babbar gasa a gabanta.

Masu suka kuwa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. A ganinsu an auna shekarun ne don a share taurarin da suka yi suna a zamanin sarki, ba tare da an kira sunan kowa ba, kuma da yawa daga cikinsu suna ganin Hejazi ne aka fi nufi. Niyyar zuciya ba ta aunuwa, amma illar a fili take. A ƙwallo babu gurbin da shekaru ke ƙara wa daraja kamar raga, domin aikin ya fi dogara da karanta wasa, tsayuwa a inda ya dace da tsara 'yan baya, ba gudu ba. A 1982, kusan lokacin da Iran ke ajiye golanta mai shekara 30, Dino Zoff ya ɗaga wa Italiya kofin duniya yana da shekara 40. Peter Shilton ya kai Ingila wasan kusa da na ƙarshe a 1990 da irin wannan shekaru. Essam El-Hadary na Masar ya tare fenareti a gasar 2018 yana da 45. Dokar ba ta daɗe ba aka yi watsi da ita, amma Hejazi bai sake sa rigar ƙasa ba.

Sai dai a nan ma akwai gyara ga masu cewa dokar ta raba shi da gasannin duniya. Iran ta janye daga neman gurbin 1982. A na 1986 kuma an cire ta saboda ta ƙi yarda ta buga wasanninta na gida a wata ƙasa. Ta ƙaurace wa Olamfik na Mosko a 1980 bayan ta samu gurbi. Ko da babu dokar, manyan filayen a rufe suke.

Kuma ba shi kaɗai guguwar ta ɗauka ba. Eskandarian ya tafi New York Cosmos, Danaeifard ma ya nufi Amurka, Hassan Rowshan ya koma Dubai. Habib Khabiri, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin tawagar, an zartar masa da hukuncin kisa a 1984 bisa zargin alaƙa da ƙungiyar adawa ta Mujahidin Khalk. Hejazi ya zauna a gida, ya ci gaba da tsare wa Esteghlal raga a gasar Tehran har 1986.

Me ya kai shi Dhaka

Wanda ya san Bangladesh ta yau, inda kurket ta mamaye komai, zai yi mamaki. A shekarun 1980 ƙwallon ƙafa ce sarauniya a Dhaka, kuma karawar Mohammedan da Abahani takan cika fili maƙil. Ƙungiyoyin suna da kuɗin ɗauko baƙi. A Iran kuwa yaƙi yana ci, babu gasar ƙasa, albashin ɗan wasa bai taka kara ya karya ba. Hejazi ya je Mohammedan a matsayin ɗan wasa, ba da jimawa ba aka miƙa masa ragamar horarwa.

A nan ya fara nuna cewa yana da idon koci. Mohammedan ta ci lig ɗin Dhaka na 1987 da na 1988-89. Cikin 'yan wasansa har da ɗan Najeriya Emeka Ezeugo, wanda daga baya ya je gasar duniya ta 1994 da Super Eagles. Babban abin da ake tunawa shi ne gasar zakarun Asiya ta 1988-89, inda Mohammedan ta doke Persepolis 2-1 a Dhaka ta fitar da ita, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. A duba yadda abin ya tsaru: tsohon golan shuɗaye, wanda ƙasarsa ta ce ya tsufa, ya tsaya a gefen fili a baƙuwar ƙasa yana jagorantar 'yan Bangladesh suna kayar da jajayen Tehran. A 1989 ya riƙe tawagar ƙasar Bangladesh a wasannin Kudancin Asiya a Islamabad, suka kai wasan ƙarshe, Pakistan ta ci su 1-0.

Koci a gida: inda gardamar take

Da ya koma Iran a farkon shekarun 1990, ba Esteghlal aka ba shi ba. Ya bi ta Bank Tejarat, Shahrdari Kerman, Sepahan da Mashin Sazi ta Tabriz. Ana danganta masa fito da Ali Daei a Bank Tejarat, wanda ya zo ya riƙe tarihin yawan cin ƙwallo a wasannin ƙasa da ƙasa har sai da Cristiano Ronaldo ya wuce shi a 2021, da kuma ɗan baya Rahman Rezaei da ya buga a Italiya.

A 1996 ya karɓi Esteghlal. Kakar 1997-98 ya ci lig ɗin Azadegan. A shekarar da ta biyo ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na zakarun Asiya, kuma a Azadi za a buga. Ranar 30 ga Afrilun 1999, mutum sama da dubu 100 suka cika filin suna jiran kofi na uku. Júbilo Iwata ta Japan ta ci biyu tun kafin hutu, Esteghlal ta rama ɗaya, aka tashi 2-1. Ba a jima ba ya bar kujerar. Daga nan sai yawo ya dawo: Zob Ahan, Esteghlal ta Rasht, Esteghlal ta Ahvaz, Nassaji ta Mazandaran. A 2007 aka sake kiransa Esteghlal ta Tehran, sakamako bai yi kyau ba, a watan Nuwamba aka maye gurbinsa da Firouz Karimi.

Masu suka suna kafa hujja da lissafi. Kusan shekara 17 yana horarwa a Iran, kofin lig ɗaya ne a hannunsa. Ba ya daɗewa a wuri. Ya yi rashin nasara a wasan ƙarshe a gida, gaban jama'arsa, da tawaga mai cike da 'yan wasan ƙasa. Suna cewa kaifin harshensa da yawan saɓani da shugabanni da wasu manyan 'yan wasa sun ci masa aiki fiye da kowace maƙarƙashiya. Wasu ma suna ƙarawa da tsohuwar maganar nan cewa gola ba ya zama koci nagari.

Wannan ta ƙarshe ba ta da ƙafa. Raymond Goethals, tsohon gola, shi ya ci wa Marseille kofin zakarun ƙungiyoyin Turai a 1993. Zoff ya kai Italiya wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai a 2000. Julen Lopetegui da Nuno Espírito Santo duk daga raga suka fito. Gaskiyar da ke ciki ita ce ƙungiyoyi sun fi tura tsoffin gololi aikin horar da masu tsaron raga, don haka kaɗan ne ke samun babbar kujera.

Masu kare shi kuma suna cewa a dubi inda aka auna shi. A tsarin da gwamnati ke naɗa shugabannin ƙungiya, koci yana bukatar uban gida a sama kamar yadda yake bukatar ɗan gaba mai ci. Wanda ba ya rusunawa, rashin nasara biyu ko uku sun isa a nuna masa ƙofa, alhali wani mai irin sakamakonsa za a ba shi kaka guda ya gyara. Rashin daɗewa a kujera ba ciwon Hejazi kaɗai ba ne, ciwon lig ɗin ne baki ɗaya. Suna kuma tuna wa jama'a cewa tun daga 1999 babu kocin da ya sake kai Esteghlal wasan ƙarshe na Asiya, kuma rabon wata ƙungiyar Iran da kofin tun 1993, lokacin da PAS ta Tehran ta ci. Sepahan a 2007, Zob Ahan a 2010, Persepolis a 2018 da 2020, duk sun kai bakin gaɓa sun dawo hannu rabbana.

In aka haɗa biyun, abin da ke fitowa shi ne koci mai idon gano yaro da iya tayar da ƙungiya cikin ɗan lokaci, kamar yadda Dhaka da kakar 1997-98 suka nuna, amma wanda bai taɓa gina wani abu mai dogon zango a Iran ba. Tsarin yana da kaso a wannan, halinsa ma yana da kaso. Kakar 2007 kuwa da wuya a ɗora ta a kan kowa in ba shi da 'yan wasansa ba.

Shi da Abedzadeh

Ba a maganar gololin Iran ba tare da Ahmad Reza Abedzadeh ba, ɗan Abadan da aka haifa a 1966, wanda ake wa laƙabi da Gaggafar Asiya. Shi ne gwarzon bugun fenareti da ya ba Iran zinare a wasannin Asiya na 1990 a kan Koriya ta Arewa. Ya ci kofin zakarun ƙungiyoyin Asiya da Esteghlal a 1991, kuma a Dhaka aka buga wasan ƙarshen. Shi ne a raga a Melbourne ranar 29 ga Nuwambar 1997, lokacin da Iran ta farke ƙwallo biyu ta hana Ostireliya zuwa gasar duniya ta 1998 a Faransa, shi ne kuma kyaftin a Lyon ranar da suka doke Amurka 2-1 a gasar. Ya buga wa shuɗaye da jajaye duka, ya tsira daga zubar jini a ƙwaƙwalwa a 2002, sannan ya tsaya a aikin kocin gololi a ƙungiyoyi irin su Saipa da Persepolis.

Hukumar ƙididdigar tarihin ƙwallo ta IFFHS ta sa Hejazi na biyu cikin gololin Asiya na ƙarni na 20, bayan Muhammad Al-Deayea na Saudiyya. Matasan Iran da suka tashi da talabijin mai launi sun fi karkata ga Abedzadeh, dattawa kuma ga Hejazi. Bambancin da ya shafi wannan bayani shi ne Abedzadeh ya je gasar duniya yana da shekara 32. Da dokar da ta ajiye Hejazi tana aiki, da daren Melbourne da na Lyon wani ne a raga.

Daga benci zuwa siyasa

A ƙarshen 2004 Hejazi ya bayyana cewa zai tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen 2005. A Iran kowa na iya rajista, amma sai Majalisar Kare Tsarin Mulki ta tantance. Mutum 12 ne a cikinta: malamai shida da Jagoran Addini ke naɗawa, da masana shari'a shida da shugaban ɓangaren shari'a ke gabatarwa majalisar dokoki ta amince. A wannan shekara sama da mutum dubu suka yi rajista, takwas aka bari. Hejazi ba ya ciki, amma shugaban hukumar wasanni na lokacin, Mohsen Mehralizadeh, yana ciki. Hejazi ya mara wa Hashemi Rafsanjani baya, a 2009 kuma Mir Hossein Mousavi.

Maganar da ta fi ratsa talakawa ita ce sukar da ya yi wa shirin cire tallafi na gwamnatin Mahmud Ahmadinejad. A Disambar 2010 farashin fetur mai tallafi ya ninka sau huɗu a dare ɗaya, gwamnati kuma ta fara tura wa kowane ɗan ƙasa kuɗi a asusu duk wata. Masu goyon bayan shirin sun ce tallafin yana cinye baitulmali, masu hali da 'yan fasa-ƙwauri ne suka fi morarsa. Hejazi, wanda a lokacin yake jinyar sankarar huhu, ya fito ya yi magana a kan yadda tsada ke murƙushe masu ƙaramin ƙarfi. Wasu sun ce ɗan ƙwallo ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ga wasu kuwa, wannan ne ya fitar da shi daga zama na Esteghlal kaɗai, har magoya bayan Persepolis suka rungume shi.

Ya rasu ranar 23 ga Mayun 2011 yana da shekara 61. Aka kai gawarsa filin Azadi, inda dubban mutane suka yi masa ban kwana, sannan aka binne shi a maƙabartar Behesht-e Zahra. Sansanin atisayen Esteghlal a Tehran yana ɗauke da sunansa.

Wanda abin ke faɗa wa

Hukuncin da aka yanke a ofis ba a kan tauraro kaɗai yake sauka ba. Tauraro yana da suna da zai kai shi Dhaka ko New York. Ɗan wasan da ba a san shi ba, wanda ya cika shekara 27 a farkon shekarun 1980, ba shi da tawagar ƙasa, ba shi da gasar ƙasa, sai ya nemi wata sana'a. Matasan gololin da aka ce an buɗe wa hanya sun rasa wanda za su koya a gefensa a sansani. Magoya baya kuma sun jira shekara 20 cif, daga 1978 zuwa 1998, kafin su sake ganin tutarsu a gasar duniya.

Batun mallaka bai mutu da Hejazi ba. A Nuwambar 2006 FIFA ta dakatar da Iran na ɗan lokaci saboda katsalandan ɗin gwamnati a hukumar ƙwallo. A farkon 2022 hukumar ƙwallon Asiya ta cire Esteghlal da Persepolis daga gasar zakarun nahiyar saboda sun kasa cika sharuɗɗan lasisi, kuma ɗaya daga cikin tsoffin ƙorafe-ƙorafen hukumar shi ne ma'aikata ɗaya ba za ta mallaki ƙungiyoyi biyu masu karawa da juna ba. Wanda ya sayi tikiti ya cika Azadi shi ya rasa wasannin kakar. A 2024 aka miƙa yawancin hannun jarin Esteghlal ga wani babban rukunin kamfanonin sinadaran man fetur, na Persepolis kuma ga gungun bankuna. A takarda ma'aikatar wasanni ta saki. Sababbin masu ƙungiyoyin dai kamfanoni ne da bankuna da gwamnati ke da hannu a cikinsu, don haka kocin da zai zauna a kujerar da Hejazi ya bari sau biyu, har yanzu makomarsa tana bi ta ofisoshin da ba a filin wasa suke ba.